Yadda Ake Canza Boris da Sil na Ƙafar Baya a Golf 3 a Gida

Masu Golf sun yi ta turo mini tambaya iri ɗaya: mota tana gurnani ta baya idan ta ɗauki gudu, an kai gareji an canza boris, ba a yi wata nawa ba kukan ya dawo. Direbobin haya da ke lodin fasinja da buhuna a Golf mai dogon baya su ne suka fi kokawa, kuma da yawansu cewa suke yi a koya musu su riƙa yi da kansu. Aikin yana yiwuwa a ƙofar gida, da kayan aiki kaɗan. Abu biyu ne ke kashe sabon boris tun bai tsufa ba: yashi da ya shiga giris, da notin da aka ɗaure fiye da ƙima. Kusan duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ga waɗannan biyun.

Bayanin na ƙafar baya ne ta Golf 3 mai birkin ganga, wadda kamfanin Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991. Tsarin ɗaya ne da na Golf 2, Jetta, Vento da Passat na wancan zamani. Kowace ƙafa tana da boris biyu, babba ta ciki, ƙarami ta waje. Kowanne yana zaune cikin kofinsa, wato zoben ƙarfen da aka dasa a cikin gangar birki, sannan akwai sil a bayan babban wanda ke tare giris kada ya fita, ya kuma tare ƙura da ruwa kada su shiga. Ƙafar gaba daban take. Borisinta dunƙule ne guda, sai da injin dannawa ake fitar da shi a mayar, don haka wannan ka kai wa makaniki mai injin. Golf 4 ma ba wannan tsarin gare ta ba.

Mataki na 1: Tabbatar boris ne

Kada ka sayi komai tukuna. Hau kwalta mai kyau inda babu cunkoso, ka kashe rediyo. Kukan boris yana ƙaruwa ne da gudun mota, ba da kukan inji ba. Ko ka fitar da giya ka bar ta tana gangarawa, gurnanin yana nan. Karkata sitiyari kaɗan hagu, sannan dama. Idan ka karkata hagu nauyi yana komawa ƙafafun dama, to in kukan ya ƙaru a lokacin, dama ake zargi. In ya ƙaru sa'ad da ka karkata dama, hagu ce.

Ka dawo gida ka ɗaga ƙafar da kake zargi, ka saki birkin hannu. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka juya ta da hannu kana saurare. Ɗora ɗaya hannun a kan sifirin yayin da take juyawa. Boris da ya ci yana aiko da wani karkarwa da za ka ji a tafin hannunka ko da kunne bai ji komai ba.

A kula: tayar da ta ci ba daidai ba, ta yi tudu da kwari saboda shokazoba ta mutu, tana yin gurnani irin na boris sak. Shafa tayar da hannu, ko ka sauya ta da sifeya ka sake gwadawa. Haka kuma idan girgiza kawai ka samu babu kuka babu gurzawa, mai yiwuwa daidaita noti da sabon giris kaɗai ake buƙata.

Mataki na 2: Sayen kaya da kuɗinsu

Saiti za ka saya, ba boris ɗaya ba. Cikakken saitin ƙafa ɗaya ya ƙunshi babban boris da kofinsa, ƙaramin boris da kofinsa, sil, sabon fin mai baki biyu, wani lokaci har da murfi. Lambar saitin a wurin Volkswagen ita ce 191 598 625, a wurin SKF kuma VKBA 529. Idan ɗai-ɗai ake sayarwa, na ciki L45449 ne da kofinsa L45410, na waje LM11749 da kofinsa LM11710. Rubuta lambobin a takarda ka tafi da su. Wanda ya fi wannan shi ne ka riga ka kwance, ka tafi da tsofaffin a leda, a gwada a gabanka.

Ko a Ƙofar Ruwa kake saye a Kano ko a Panteka a Kaduna, za a nuna maka kala-kala a kwalaye masu sunan SKF, FAG, Timken ko Koyo. Sunayen na gaske ne, amma jabunsu ya cika kasuwa. Buɗe kwalin. Lambar da ke jikin ƙarfen ta fito tsaf, kwalin ba mai dusasshen rubutu ba, 'ya'yan boris su yi santsi babu tsatsa babu tabo, kejin da ke riƙe da su kuma ba lanƙwasasshe ba. Tambayi farashi a shago uku kafin ka biya, domin kuɗin kayan mota yana bin dala. Wanda ya faɗi ƙasa da sauran sosai, ka yi zarginsa. Boris na Beljiyam kuwa, wanda aka ciro daga wata motar, ban yarda kowa ya saya ba. Ba ka san nisan da ya yi ba, kuma sau da yawa ba tare da kofinsa ake ba ka shi ba.

Sauran kuɗin ƙanana ne: gwangwanin giris, kananzir kamar lita 1, ɗan fetur, tsumma. Giris ya zama na boris ɗin taya mai jure zafi, mai lamba 2 a jikin gwangwani, kuma rufaffe. Wanda ake ɗiba da cokali daga buɗaɗɗen bokiti a bakin titi ya riga ya sha ƙura kafin ya zo hannunka. Idan ka haɗa wannan lissafin gaba ɗaya, bai kai abin da za ka kashe ba ranar da boris ya kama a hanya ya cinye sandan aksil, wato ƙarfen da ganga ke juyawa a kai, da ita kanta gangar, ga kuɗin janwe, ga asarar lodin ranar.

Mataki na 3: Kayan aiki da wurin aiki

Kana buƙatar jak, abin tokare mota, waji biyu, sifanar taya mai lamba 17, soket ko sifana mai lamba 24, filaya, sukudireba mai faɗin baki babba da ƙarama, guduma, kurfi mai dakakken baki (na tagulla ya fi, domin ba ya cin ƙarfen ganga), guntayen katako masu kauri, tocila, roba ta wanke kaya, da tabarau na kare ido. Idan za ka iya aron sifana mai awon ɗauri, ka aro.

Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, siminti ya fi. Ka yayyafa ruwa a ƙasa idan wurin ƙura ne, ka shimfiɗa kwali ko tsabtataccen buhu inda za ka jera kaya. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙura, ka shiga cikin rumfa ko ka ɗage aikin. Wanda bai taɓa yi ba ya ware wa ƙafa ɗaya kamar awa 2, kuma ya fara da safe don kada magariba ta same shi da ganga a ƙasa.

Mataki na 4: Ɗaga mota

Sa giya ta ɗaya, ka sa waji gaba da bayan tayar gaba. Sassauta kusoshin taya tun tana ƙasa, rabin juyi ya isa. Ɗaga motar, ka tokare ta, sannan ka cire tayar ka tura ta kwance ƙarƙashin gefen mota. Yanzu ka saki birkin hannu gaba ɗaya, in ba haka ba ganga ba za ta fito ba.

Gargaɗi: jak na ɗagawa ne kawai, ba a barin mota a kansa a yi aiki. Bulon siminti ma ba abin tokare mota ba ne, yana fashewa farat ɗaya ba tare da ya ba da alama ba. Ƙarfen tokare mota ko kututturen katako mai ƙarfi za ka sa. Kuma tunda birkin hannu a sake yake, wajin nan ne da giya kaɗai ke riƙe da motar.

Mataki na 5: Cire ganga

A tsakiyar ganga akwai murfin ƙarfe. Sa bakin sukudireba a gefensa ka riƙa bugawa a hankali kana zagayawa har ya fito, kada ka lotsa shi. Goge giris ɗin da ke ciki za ka ga fin. Miƙe ƙafafunsa da filaya ka zare shi ka yar. Cire hular noti mai haƙora, sannan ka kwance noti mai lamba 24. Bai kamata ya yi tauri ba. Idan ka ga sai da ka sa ƙarfi sosai ya motsa, to ka gano abin da ya kashe tsohon boris.

Jawo ganga kaɗan ka mayar, washa da ƙaramin boris za su leƙo. Tare su da hannu. Jera komai a kan kwali bisa tsarin da ya fito: murfi, hula, noti, washa, boris. Sai ka jawo ganga gaba ɗaya.

Idan ta ƙi fitowa, lainin birki ne ya riƙe ta, domin ganga tana yin baki a gefe idan ta tsufa. Kada ka hau dukanta da guduma ko ka ɓanɓare ta da ƙarfen taya, za ka lanƙwasa farantin baya. A cikin birkin Golf akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar waji da ke daidaita lainin, sifirin yana jansa ƙasa. Juya ganga har ramin kusar taya ɗaya ya zo ta sama wajen gaban mota, haska tocila za ka gan shi. Zura ƙaramar sukudireba ta ramin ka tura shi sama. Lainin zai koma ciki, ganga ta fito salin-alin.

Gargaɗi: muddin ganga tana waje, kada kowa ya taka birki. Fistin ɗin silindar birki zai faɗo, man birki ya zube. Idan da yara a gidan, kulle ƙofar mota.

Mataki na 6: Duba birki da sandan aksil

Ƙurar da ke cikin birki ba a hure ta da baki ko da iskar famfo, illa ce ga huhu, kuma tsofaffin lainin na iya ƙunsar asbestos. Jiƙa tsumma ka goge. Duba lainin: idan giris ya fita ta tsohon sil ya jiƙa shi, wanki ba ya gyara shi, sai sabo, kuma ƙafa biyu ake canzawa tare don kada mota ta riƙa ja gefe ɗaya. Ɗaga robar bakin silinda kaɗan ka ga ko man birki yana tsattsafowa. Tunda ka riga ka buɗe, yanzu ne gyaransa ya fi sauƙi.

Sai sandan aksil, wanda ganga ke juyawa a kai. Wanke shi da kananzir ka goge. Shafa yatsa ta ƙarƙashinsa, inda nauyi ke sauka, a wuraren da boris biyun ke zama. Idan ka ji gargada ko mataki, ko ka ga ƙarfen ya koma shuɗi saboda zafi, ko zaren noti ya lalace, sandan ya gama aiki. Kusoshi 4 ne ke riƙe da shi, ana canza shi shi kaɗai. Duba kuma kafaɗar da leɓen sil ke gogawa a gindin sandan. Tsatsa kaɗan za a iya share ta da takardar yashi mai laushi, amma idan sil ya haƙa rami a wurin, sabon ma zai yi yoyo. Zura sababbin boris a kan sandan a bushe ka gani: su shiga da hannu, ba tare da duka ba, kuma kada su yi lako-lako.

Wani lokaci zoben ciki na tsohon boris yana mannewa a jikin sandan. A jawo shi da abin jan boris. Kada a sa masa wutar walda, zafin yana raunana ƙarfen da rayukan mutane ke kansa.

Mataki na 7: Fitar da sil da tsofaffin kofuna

Kifa ganga a kan katako biyu. Ɓanɓare tsohon sil da babbar sukudireba, ka ɗauke babban boris. Kwashe tsohon giris duka da tsumma, ka wanke ramin da kananzir har ka ga ƙarfe. A cikin ramin, bayan kowane kofi, akwai 'yan gurabe biyu da aka yanka suna fuskantar juna, domin kurfi ya samu bayan kofin. Sa tabarau. Ɗora kurfi a gurbi ɗaya ka buga, ka koma ɗayan ka buga, haka nan kana sauyawa har kofin ya faɗo. Juya ganga ka yi wa ɗayan haka.

Nan ne ake yin ha'incin da ya fi yawa. Fitar da kofi yana cin lokaci, sai a bar tsohon a ciki a ɗora masa sabon boris. Tsohon kofi ya riga ya ci daidai da tsohon boris, kuma ko ido bai gani ba yana da tabo. Sabon boris a kansa 'yan watanni zai yi ya fara kuka. Ko a gareji ka kai aikin, ka ce a nuna maka tsofaffin kofuna biyu a hannu kafin ka biya.

A kula: kofin boris ƙarfe ne mai tsananin tauri, yana ɓallewa ya yi tsartuwa idan guduma ta same shi kai-tsaye. Tabarau ba ado ba ne a wannan matakin. Idan ka buga gefe ɗaya kawai kuma, kofin zai karkace ya ci ramin ganga.

Mataki na 8: Dasa sababbin kofuna

Sake wanke ramin, ka shafa yatsa ka tabbata kurfi bai tayar da ƙarfe ba a inda kofi zai zauna. Shafa ɗan giris. Kofi yana da gefe mai kauri da gefe mai siriri. Mai kaurin ne ke shiga ciki, ta yadda faɗin bakin zai kalli waje, inda boris zai shigo ya zauna. Haka yake ga duka biyun. Wanda ya juya shi sai ya sake fitarwa, kuma da wuya ya fito lafiya.

Ɗora kofin daidai, ka sa katako a kai ka buga a hankali har ya kama. Daga nan ka ɗora tsohon kofi a kansa ka ci gaba da bugawa kana zagayawa. Dabara mai kyau ita ce ka kai tsohon kofin wurin mai walda ya ɗan goge bayansa da giranda, don kada shi ma ya maƙale a ramin. Soket mai faɗi daidai da gefen kofin ma yana yi. Ka saurari guduma: idan kofi ya kai ƙasa, ƙarar tana sauyawa ta koma tsayayya. Leƙa ta ɗaya gefen da tocila ka tabbata babu rata ko kaɗan tsakanin kofi da kafaɗarsa. Kofin da bai zauna ba zai ƙarasa zama ne a hanya, sai noti ya yi sako-sako bayan ka gama daidaitawa.

Idan sabon kofi ya faɗa ramin da hannu kawai, ko yana juyawa a ciki, gangar ce ta buɗe. Za a ce maka a tsattsaga ramin da kurfi ko a naɗa masa gwangwani ya kama. Wannan ba ya daɗewa. Canza ganga.

Mataki na 9: Cusa giris

Wanke hannunka. Sai yanzu za ka fitar da sabon boris daga ledarsa, kuma ba a wanke sabo. Ɗebo giris a tafin hannun hagu. Riƙe boris da dama, faɗin gefensa yana kallon ƙasa, ka riƙa dannawa a gefen giris ɗin kana kankarowa, har ka ga giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan. Juya kaɗan ka sake, har ka zagaye shi duka. Shafa a bayansa kawai bai wadatar ba; ciki ne ke buƙata. Idan boris ya faɗi a ƙasa, wanke shi tas da kananzir mai tsabta, ka bar shi ya bushe, ka sake daga farko.

Shafa giris a fuskar kofuna biyu, ka kuma lulluɓe bangon ramin da ke tsakaninsu. Kada ka cika ramin maƙil. Giris da ya yi yawa yana ƙara zafi, ya tura sil, ya fita ya jiƙa birki. Kada kuma ka haɗa sabon giris da ragowar tsoho, domin wasu nau'o'in idan suka haɗu tsinkewa suke yi su koma ruwa.

Mataki na 10: Sa sil

Babban boris ne ke fara shiga kofinsa, sannan sil. Mutane da yawa suna buga sil su waiga su ga boris a kan kwali, kuma sil da aka ɓanɓare ba ya komawa. Buɗaɗɗen gefen sil, inda leɓen yake, shi ke kallon boris. Rufaffen gefe mai santsi yana kallon waje. Ɗora shi daidai, ka sa shimfiɗaɗɗen katako a kai, ka buga tsakiyar katakon har sil ya yi daidai da bakin ramin. Kada guduma ta taɓa shi kai-tsaye. Shafa giris a leɓensa da yatsa don kada ya fara aiki a bushe.

Kafin ka ɗaga ganga, jiƙa tsumma mai tsabta da ɗan fetur ka goge cikin inda lainin birki ke kamawa. Kananzir yana barin maiƙo, bai dace da nan ba. Fetur kuwa a nesa da wuta da sigari.

Mataki na 11: Mayar da ganga da daidaita noti

Wannan matakin shi ne aikin. Shafa giris kaɗan a sandan aksil. Ɗauki ganga da hannu biyu ka zura a miƙe, kada zaren sandan ya yagi leɓen sil. Sa ƙaramin boris, sirin gefensa ciki. Sa washa, ɗan harshenta ya shiga layin da aka yanka a jikin sandan. Ɗaura noti da hannu.

Yanzu ka riƙa juya ganga da hannu ɗaya, kana ɗaure noti da sifana a hankali da ɗayan, har ka ji ganga ta fara nauyi. Wannan don boris su zauna cikin kofunansu ne, giris ɗin da ya yi yawa ya matse ya fita. Juya ta sau da yawa a haka. Sannan ka sassauta noti har ya saki, ka sake matso da shi a hankali.

Ga ma'aunin da Volkswagen ya bayar: ka sa bakin sukudireba a gefen washa ka tura da ƙarfin yatsa kawai. Washa ta motsa, amma da ɗan nauyi. Ba a jingina sukudireba da ganga a ɓanɓara, ba a murɗa ta. Idan washa ta ƙi motsi, noti ya yi tauri, sassauta kaɗan. Idan tana yawo da kanta, ƙara kaɗan. Bambancin da ke tsakanin daidai da kuskure bai wuce ɗan juyi ƙanƙani ba, don haka ka yi haƙuri ka maimaita har sai ka gamsu.

Na san abin da zuciya ke raya wa mutum a nan: noti guda ne ke riƙe da taya, ai gara a ɗaure shi tam. Irin wannan boris ba haka yake aiki ba. 'Ya'yansa suna buƙatar 'yar rata da giris zai ratsa, kuma ƙarfe yana kumbura idan ya ɗauki zafi. Noti mai tauri yana matse giris ya fita, ƙarfe ya hau gugar ƙarfe, zafi ya ƙaru, boris ya ƙone, wani lokaci a tafiya ɗaya mai nisa. Abin da ke hana noti kwancewa fin ne, ba ƙarfin damtse ba. Sako-sako da yawa shi ma yana da illarsa: taya tana rawa, sil yana buɗewa, birki yana kamawa ba daidai ba.

Mataki na 12: Fin, murfi da taya

Ɗora hula mai haƙora a kan noti. Idan ramin sandan bai yi daidai da tsakanin haƙoran ba, cire hular ka juya ta ka sake ɗorawa, za ka samu inda ya dace. Hular ake juyawa, ba notin da ka sha wahalar daidaitawa ba. Zura sabon fin, ka lanƙwasa ƙafafunsa yadda ba za su gogi murfi ba.

Gargaɗi: ƙusa ko waya ba sa maye gurbin fin, tsohon fin kuma ya riga ya gaji a inda aka lanƙwasa shi. A ƙafar hagu juyawar taya tana bin hanyar kwance noti ne. Idan fin ya karye noti ya fita, taya da ganga tare suke barin mota, birkin ƙafar ma ya tafi da su.

Sa ɗan giris a cikin murfi, ka buga shi da katako har ya zauna daidai. Murfin da ya lotse ko ya huje a canza shi, ta nan ruwa ke shiga. Mayar da taya, ka ɗaura kusoshi da hannu, ka sake girgiza ta sama da ƙasa. Motsin da za ka ji ya zama ɗan kaɗan ƙwarai, kuma ta juya shiru. Sauke mota, ka ɗaure kusoshi ɗaya da wanda ke fuskantarsa, a awon ɗauri na Nm 110 idan kana da sifana mai awo.

Kafin motar ta motsa, taka birki da ƙarfi sau da yawa. Wannan ne ke mayar da ɗan ƙarfen da ka tura sama wurinsa. Idan ka manta, birki zai tafi ƙasa a takun farko. Ja birkin hannu ka saki, ka tabbata yana kamawa.

Mataki na 13: Gwaji da bibiya

Fara a hankali cikin unguwa, ka gwada birki. Sannan ka yi kamar kilomita 10 a kwalta ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka taɓa wajen murfin da bayan hannu, ka kwatanta da ɗaya ƙafar. Ɗumi ba komai. Zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba yana nufin noti ya yi tauri ko birki yana kamawa. Koma gida ka buɗe. Bayan 'yan kwanaki ana aiki da motar, sake ɗaga ƙafar ka girgiza, domin sababbin kofuna kan ƙara zama kaɗan. Idan ka sake daidaita noti, sabon fin za ka sa.

Ɗaya ƙafar ma ka buɗe ta ko ba ta kuka, tunda hanya ɗaya suka bi da lodi ɗaya. Idan borisinta da kofunansu suna da santsi babu tabo, wanki da sabon giris da sabon sil sun isa, amma kowane boris ya koma kofin da ya fito. Da damina, duk ranar da ka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, cire murfi ka duba. Giris da ya koma fari-fari ko ruwan ƙasa ya sha ruwa, a wanke a sake.

Ga masu Hiace da Hilux

Ƙafar gaba ta tsofaffin Hiace da Hilux tana da boris biyu da kofuna da sil irin wannan, don haka matakan wanki, dasa kofi, cusa giris da sa sil duk ɗaya ne. Daidaita notin ne ya bambanta: Toyota yana da nasa awon, kada ka yi amfani da gwajin washa na Golf a can, ka nemi adadin da aka rubuta wa motarka. Ƙafar baya kuwa sil ɗinta man giya yake tarewa, kuma boris ɗin yana manne a jikin shaf da zoben da sai injin dannawa ke sa shi, don haka ka zare shaf ɗin ka kai a danna maka. Idan man giya yana fitowa ta birkin baya, duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksil kafin ka sa sabon sil. Laka tana toshe shi, iska ta rasa hanyar fita idan aksil ya yi zafi, sai ta turo mai ta sil komai sabuntarsa. Kwance shi ka wanke da kananzir, ka tabbata iska tana wucewa, sannan ka cika man giya zuwa bakin ramin awo.